Kiɗa a Bayan Golf

A bazarar 2007 aikin amsa-kuwwa ne ya cika shagonmu da ke Fagge. Zaɓen gwamnoni na tafe ranar 14 ga Afrilu, na shugaban ƙasa mako guda bayansa, kowane ɗan takara kuma yana son a ji waƙarsa a lungu da saƙo na Kano. Bas-bas ake kawo mana, mu ɗaure manyan lasifikoki a kan rufi, mu ajiye amfilifaya da batir na daban a bayan kujerar direba, a biya mu a tafi. Babu mai tambayar daɗin sauti. Nisan da murya za ta kai shi ake saye. Maigidana yana karɓar aikin saboda abinci ne, amma ba ya ƙaunarsa. Asalinsa mai gyaran rediyo ne, daga baya ya koyi wayarin ɗin mota, kuma kunnen da ya samu a gyaran rediyo bai rabu da shi ba. Ni a lokacin yaron shago ne, ban daɗe da fara riƙe filaya ba.

Cikin wannan hada-hada wani saurayi ɗan Kantin Kwari ya shigo da Golf 3 'yar Kwatano, koriya, ko lambarta ba ta daɗe da fitowa ba. Ya buɗe but, sai ga kaya a kwalayensu: amfilifaya guda, wufa biyu masu inci 12, da ƙunshin wayoyi a leda mai sheƙi. Ya gaida maigida, ya ce, "Baba, so nake idan na shigo layinmu kowa ya san na shigo. Ku haɗa min su yau, gobe akwai ɗaurin auren abokina."

Maigida bai ce masa komai ba sai da ya fito da amfilifayar daga kwali. An rubuta wat 3000 a jikinta da jajayen haruffa. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya ji nauyinta, ya juya gefenta ya zaro ɗan fis ɗin da ke ciki. Guda ɗaya ne, mai lamba 20. Ya ɗauki alli ya tsuguna a kan siminti.

"Ɗana, zo ka gani. Batirin motarka bolt 12 ne, idan inji na aiki ya hau wajen 14. Ninka 14 sau 20, nawa ke nan?"

"280."

"To, iyakar wutar da za ta iya shiga cikinta ke nan kafin fis ya tsinke. A ciki ma kusan rabi zafi yake zama, ba sauti ba. Ina 3000 ɗin za ta fito?"

Wannan lissafin na alli shi ne abu mafi amfani da na koya a shekarar, kuma har yau da shi nake fara duba kowace amfilifaya. Lambar da ke jikin kwali ta talla ce. Ko rediyon mota na kirki da aka rubuta wa wat 50 sau huɗu, abin da yake iya bayarwa a ɗore ba tare da sautin ya dagule ba wajen 20 ne ga kowace lasifika. Wutar da ba ta shiga ba, ba ta fita.

Saurayin ya ɓata rai, amma bai tafi ba. Maigida ya yanki ɗan guntun jar wayar da saurayin ya zo da ita, mai kauri sosai a ido. Da aka fere robar sai ga zaren ciki ɗan siriri, roba ce ta cika kaurin. Ya kankare zaren da wuƙa, jan launin ya goge, fari ya bayyana a ƙarƙashi. Ya ƙyasta ashana ya kara, zaren ya lanƙwashe nan take ya marmashe. Alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyam yana ɗaukar wuta, amma bai kai kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi yake ɗauka ba, ga shi da saurin karyewa a wurin ɗauri. Maigida ya ce, "Araha ba ta ado. Da wannan wayar, kamar ka ce za ka shayar da garken shanu ta bakin buta ne." Ya gaya masa gaskiya cewa aikin ba zai yiwu kafin ɗaurin aure ba, in kuma gaggawa yake so, masu yi masa a yini ɗaya suna da yawa a gari.

Da yamma sai ga saurayin ya dawo. Ya mayar da amfilifayar an ba shi wani abu daga kuɗinsa, muka shiga Kasuwar Sabon Gari tare da maigida, muka zaɓo tsohuwar Kenwood 'yar Beljiyam mai hanya huɗu, fentinta duk ya koɗe, amma da nauyi, da fis biyu masu lamba 25. Waya kuwa, wurin masu sayar da kayan walda muka je muka auno wayar walda mai milimita 25, jan ƙarfe zalla, mai laushi, robarta tana jure zafi. Mita biyar muka saya. Saurayin yana ta kallonta, baƙa ƙirin ba ado, ya ce ko ba za a samu ja ba. Maigida ya ce za a naɗa mata jan salatef a bakunan biyu don kada wani ya ruɗe gobe.

Gardama mafi tsawo a kan wufa ta biyu aka yi ta. Tsarin maigida shi ne hanya biyu na amfilifayar su tafi lasifikokin ƙofofin gaba, sauran biyun a haɗe ƙarfinsu su tura wufa ɗaya. Kowace wufa om 4 ce. Idan aka haɗe hanya biyu irin haka, amfilifayar om 4 take iya ɗauka, ba ƙasa da haka ba. Aka jera wufa biyu a kan waya ɗaya kuwa, sai su koma om 2, su ja wuta ninki biyu, amfilifayar ta yi zafi ta kashe kanta, ko ta ƙone. Sannan ga maganar altaneta. Ta motar amfiya 70 ce, a ciki fitilu za su ci, fankar inji ta ci, famfon mai ya ci, na'urar sanyaya mota ta ci. Abin da ya rage shi ne rabon kiɗa. Wanda ya taɓa ganin mota da dare fitilunta na lumshewa duk lokacin da kiɗa ya buga, ya ga altanetar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta. A ƙarshe aka mayar da wufa ɗaya, da kuɗinta aka sayi lasifikokin ƙofa masu inci shida da rabi da 'yan ƙananan nan masu fitar da siririn sauti da ake ɗorawa a gaban mota. A ganina wannan musanya ita ce ta yi aikin. Yawancin samari a but suke zuba kuɗinsu, alhali murya da kalangu da goge duk daga gaba suke fitowa.

Washegari da safe muka fara, abin farko kuma shi ne cire baƙin kan batir. Maigida ba ya yarda a taɓa waya ko ɗaya kafin a yi haka. Muka cire kujerar baya, muka ɗaga robobin bakin ƙofofi, muka yaye kafet. Ni na shiga ƙarƙashin sitiyari da tocila ina neman inda wayoyin motar suka ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota. Akwai toshiyar roba a wurin. Ita muka huda muka zura wayar walda ta ciki, don kada ko kaɗan ta gogi ƙarfe. Daga nan ta bi gefen hagu a ƙarƙashin kafet har but, ana ɗaure ta duk bayan taku ɗaya.

Fis ɗin babbar wayar maigida da kansa ya sa shi, mai lamba 60, bai kai tsawon kamu ɗaya daga kan batir ba. Mutane da yawa suna zaton fis ɗin da ke jikin amfilifaya ya wadatar. Wancan amfilifayar yake karewa. Na kusa da batir kuwa waya yake karewa, da mota, da wanda ke cikinta. Na ga dalilinsa da idona kafin wannan aikin. Wata rana da azahar wata mota ta tsaya a bakin titi daf da shagonmu, hayaƙi na fita ta tagogi, direban ya fito yana salati. An ratsa mata waya ta ramin da aka huda a ƙarfe, ba roba, ba fis. Girgizar hanya ta yi ta cin robar wayar har jan ƙarfe ya taɓa jikin mota. Batirin mota yana iya zubo ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, wayar ta yi jawur tun daga gaba har baya a ƙarƙashin kafet. Masu shaguna suka taso da ƙasa da bokitai, wani bakanike ya yi ta maza ya datse kan batir da almakashin ƙarfe. Allah ya kiyaye rai, amma kujeru da kafet sun tafi. Da akwai yara a baya, ƙofa kuma a kulle, ban san abin da za a ce ba. Tun ranar nake jin zafin duk mai wayarin ɗin da zai karɓi kuɗin mutum ya bar masa waya tsirara daga batir.

Baƙar wayar da ke komawa jikin mota guntuwa muka yi ta, kauri ɗaya da babbar. Maigida ya sa na kankare fenti da sanfefa a kusa da wata ƙusar kujerar baya har ƙarfe ya yi fari tas, ya ɗaure ta tamau, ya shafa giris don tsatsa. Kafin ya huda ko'ina a but sai ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin motar, domin tankin mai da bututunsa a nan yankin suke. Wayoyin da ke ɗauko sauti daga rediyo zuwa amfilifaya muka bi da su ta gefen dama, nesa da wayar wuta. Tare da su muka ja 'yar siririyar nan, shuɗiya mai farin layi, wadda ke tada amfilifaya idan an kunna rediyo ta kuma kashe ta idan an kashe. Wanda ya ɗauko wannan wayar daga wuta mai zuwa kullum, da safe sai an tura motarsa.

Akwatin wufa shi ya ci mana lokaci fiye da komai, kuma a nan na fahimci cewa maigida ba ƙara yake nema ba. Wufa idan tana tsirara ba ta da amo. Takardarta na turo iska ta gaba, tana jan iska ta baya a lokaci guda, biyun su haɗu su kashe juna. Aikin akwati ya raba su. Girmansa kuma ba da ka ake yi ba. Takardar da ta zo da wufar ta nuna rufaffen akwati mai lita 35. Maigida ya koma kan siminti da allinsa: santimita 40, sau 35, sau 25, a ciki ba a waje ba, 35,000 ke nan, lita 35 daidai. Muka je 'Yan Katako a Na'ibawa muka sayo matsattsen katakon nan na MDF mai kaurin milimita 18. Wani kafinta maƙwabcinmu ya yanka, ya ce bai taɓa ganin wanda ya tsaya masa a ka da ma'auni saboda akwatin da za a jefa a but ba. Aka haɗa da gam da sukurori, aka bi kowace kusurwa ta ciki da silikon, aka bar shi ya kwana ya sha iska kafin a ɗora wufar.

Saurayin ya so a huda masa rami a akwatin, don ya ga na abokansa da bututu. Maigida ya ce akwati mai bututu ya fi ƙara, gaskiya ne, amma sai ya fi wannan girma, tsawon bututun da faɗinsa kuma lissafi ne na daban. In aka huda da ka, sauti ɗaya za a riƙa ji yana gurnani komai waƙar da aka sa. Da aka ɗaure wufar, ya ɗora tafin hannunsa ya danna takardar a hankali ya saki. Ta dawo sannu sannu. Ya ce na kara kunne a kusurwoyi, ban ji hucin iska ba. Sannan muka lulluɓe shi da baƙin kafet, muka ɗaure shi da ƙarfe a bayan kujera yadda ba zai taso ba idan an taka birki, aka kuma bar hanyar ciro safayar taya. Amfilifayar a kan wani katako daban muka kafa ta, a tsaye, inda iska ke ratsawa. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin motar da ta yini a rana.

Kafin a jona lasifikokin ƙofa, maigida ya ba ni batirin tocila ya ce na taɓa wayoyin kowace ɗaya. Idan takardar ta turo waje, wayar da ke taɓa ɗan tudun kan batirin ita ce ja. Idan ɗaya na turowa ɗaya na ja da baya, sautin sai ya zama fanko, mutum ya yi ta ƙara murya bai san abin da ya ɓace ba.

Da muka mayar da kan batir muka tada inji, sai ga wani siririn kuka a lasifikoki, yana hawa idan an taka totur, yana sauka idan an saki. Saurayin ya dafe kai. Maigida ya ce kukan altaneta ne, ya samu ƙofar shiga. Ya duba ɗaurinmu na baya, lafiya lau. Ya zaro rediyon daga mazauninsa, sai ga aikin wani da ya riga mu: baƙar wayar rediyon an murɗa ta da hannu a kan wani sukuri mai tsatsa, an naɗe da leda. Ya yanke, ya like sabuwa da dalma, ya ɗaure ta a ƙarfe mai tsabta. Kukan ya ɗauke.

Saiti da la'asar aka yi shi, kuma ba da kiɗa ya fara ba. Ya kamo Freedom Radio ana karanta labarai, ya zauna a kujerar direba ya rufe ƙofa. Muryar mai karatun tana fitowa rabi daga gaba, rabi daga but, da kauri irin na mai mura. Ya ce na riƙa juya ɗan maɓallin da ke tace sautin da ke zuwa wufa, a hankali, har sai ya ɗaga hannu. Ya ɗaga a daidai lamba 80, wato wufar ba za ta ƙara taɓa sautin da girgizarsa ta haura sau 80 a daƙiƙa ba. Muryar ta koma gaba gaba ɗaya, sai ka ce mutumin yana zaune a kan dashbod. Sannan ya sa Shata. Ya ce duk saitin da ya binne kalangu ko ya sa muryar 'yan amshi ta dagule, ba saiti ba ne. Sai a ƙarshe ya karɓi faifan saurayin na waƙoƙin finafinai, masu kiɗan fiyano, inda ƙasan kiɗan yake da nauyi. Ya kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, ya riƙa ƙara maɓallin ƙarfin amfilifaya da sukundireba har sautin ya fara tsagewa, ya dawo da shi baya kaɗan, ya ɗiga masa jan fenti.

Na shiga na zauna a baya. Ban taɓa jin irinsa ba. Bugun yana zuwa a ƙirji, a dunƙule, ya tsaya inda ya kamata ya tsaya, ba ya jan jela. Muryar mawaƙiya tana sama tsaf, ana jin kowane harafi. Golf ba ta da shinge tsakanin but da cikin mota sai kujera da ɗan faifan sama, don haka wufa ɗaya ta cika ta har madubin tsakiya na rawa. Saurayin ya yi ta dariya yana dukan sitiyari, ya ce, "Baba, ashe ɗayar ma ta isa!"

Kafin ya ba shi makulli, maigida ya tsayar da shi a bakin shago ya yi masa magana, ba da wasa ba. Ya ce sautin ƙasa ba kamar sauran ba ne, yana ratsa bango; wanda ke cikin mota yana jin waƙa, wanda ke kwance a ɗaki ba ya jin komai sai dukan da ke shigar masa kai. Ya ce ya rage a kusa da masallaci da asibiti da gidan makoki, in ya shiga lungu da dare kuma ya kashe. Sannan ya nuna kunnensa na hagu, ya ce shekaru ke nan yana jin ƙugi a cikinsa dare da rana, sana'ar ce ta bar masa. Daga baya na karanta abin da masana lafiyar ma'aikata suka ƙayyade: desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin ya ragu da rabi, har ya zama a desibel 100 minti 15 ne kawai. Mota mai wufa, gilasai a rufe, tana wuce 100 ba tare da wahala ba, jin da ya tafi ta wannan hanya kuma ba ya dawowa. Ina ganin wajibi ne duk mai wannan sana'a ya faɗa wa wanda ya yi wa aiki, ko zai ji ko ba zai ji ba.

Bayan damina ta sauka motar ta dawo, wufar ta yi shiru. Maigida ya kara hanci a bakinta, ya danna takardar, muka ji tana gogawa ƙarar-ƙarar. Ya duba maɓallin, jan fentin ya tsage. Saurayin ya ce ƙaninsa ne ya ari motar zuwa biki, wani ya ce masa ai an rage mata ƙarfi, ya murɗa har ƙarshe. Wannan maɓallin ba na ƙara murya ba ne; idan ya wuce wurinsa, amfilifaya tana aiko da tsagaggen sauti, kwayil ɗin wufa ya yi ta ɗaukar zafi har gam ɗinsa ya narke. Ba mu sayi sabuwa ba. Maigida ya ɓare takardar a hankali, ya warware ƙonannen zaren yana ƙirga zagayensa, ya naɗa sabo mai kauri ɗaya a kan ma'auni, ya gwada da mita ta nuna kusan abin da take nunawa da, ya mayar ya daidaita tsakiyarta da guntayen fim ɗin hoton asibiti har gam ya kama. Ya sake saitin daga farko, da labarai, da Shata, da faifan saurayin. A wannan karon ya yanko ɗan faifan alminiyam ya rufe maɓallan gaba ɗaya da sukurori huɗu, ya ce wa saurayin duk wanda ke son ƙari ya zo Fagge ya same shi.